Yadda hayaƙin janareta da garwashi ke kashe mai barci bai ko motsa ba

Labarin kan zo da safe, kuma kusan kullum siffarsa ɗaya ce. An ci tuwon dare, an tayar da janareta don fanka ta juya, kowa ya kwanta. Gari ya waye, hantsi ya dubi ludayi, maƙwabta ba su ji motsin kowa ba. Sai a ɓalle ƙofa a tarar da mutane kwance kamar masu barci, babu rauni, babu alamar kokawa. Kafin jami'an tsaro su iso unguwa ta riga ta yanke hukunci: wasu su ce guba aka zuba a abinci, wasu su ce sammu ne, wasu su ce dama gidan ba a zaman lafiya a cikinsa. Idan daga baya aka ce hayaƙin janareta ne, sai tambaya ta biyo baya: ta yaya hayaƙi zai kashe ƙato bai yi tari ba, bai tashi ya buɗe taga ba? Ai ko jariri aka toshe wa hanci yana barci, zabura yake yi.

Tambayar tana kan hanya. Amsarta na cikin yadda huhu da jini da zuciya suke miƙa wa juna aiki, da kuma abin da jiki yake sa wa ido idan yana son sanin ko numfashi ya wadatar. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa kaskon garwashin da ya daina hayaƙi ya fi mai turnuƙe ɗaki yaudara, da dalilin da ya sa na'urar da ake maƙala wa yatsa a asibiti kan nuna lafiya lau alhali jinin mutum cike yake da guba.

## Iska uku da ake rikita sunayensu

Iskar da muke shaƙa gauraye take. Kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, wanda ke shiga ya fita jiki bai taɓa shi ba. Kashi 21 oksijin ne, shi ne abin nema. Kowace ƙwayar halitta a jiki, daga ta ƙwaƙwalwa har ta ɗan yatsan ƙafa, da oksijin take ƙona abincin da aka ci ta samu ƙarfi, kamar yadda itace ba ya ci sai da iska. Abin da wannan ƙuna ke bari shi ne kabon dayoksaid, wadda jini ke kwasowa ya kai huhu a fitar da ita. Shi ya sa a iskar da mutum ya fesar oksijin kan ragu zuwa kusan kashi 16, kabon dayoksaid kuma ta hau zuwa kusan kashi 4.

Bayan oksijin da kabon dayoksaid, ta ukun ita ce kabon monoksaid, kuma a kanta maganar take. Tana samuwa duk inda fetur ko gawayi ko itace ko gas ya ci wuta amma iska ba ta ishe shi ya ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ido hawaye, ba ta ƙaiƙayin maƙogwaro. Warin da ake ji a bayan janareta da baƙin hayaƙin da ake gani wasu abubuwa ne daban da ke fitowa tare da ita. Gawayin da ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, har mai gida ya ce yanzu ya yi kyau a shigar da shi ɗaki, yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka.

## Daga hanci zuwa jini

Huhu ba shi da ƙarfin jan iska da kansa. Aikin na wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Idan ta sauka ƙirji ya buɗe iska ta shigo, irin yadda zugazugin maƙeri ke cika in an ɗaga shi. Idan ta saki sai iska ta fita. Baligin da ke zaune yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti, kowane ja kusan rabin lita.

Iska ta bi hanci, inda ake tace ƙura a ɗumama ta, ta gangara maƙogwaro, ta rabu biyu: reshe ɗaya zuwa huhun dama mai sassa 3, ɗaya zuwa na hagu mai sassa 2, wanda ya ɗan ƙanƙance don ya bar wa zuciya wuri. Daga nan rassan suna ta rabuwa suna sirancewa, fiye da sau 20, har su ƙare a wasu mitsi-mitsin jakunkunan iska da yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. Da za a ɓare su a shimfiɗa, za su rufe fili mai murabba'in mita 70 ko kusa da haka, wato kamar ɗakuna 5 masu ƙafa 12 sau 12. Kowace jaka kuma nannaɗe take da ragar ƙananan jijiyoyin jini, sirara ainun, har jajayen ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya suke wucewa.

Tsakanin iskar da ke cikin jaka da jinin da ke cikin jijiya tantani ne kawai, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau 100 ko fiye. A nan musayar take faruwa, kuma babu mai gadi a wannan ƙofa. Duk iskar da ta fi yawa a gefe guda takan tsallaka zuwa gefen da take da ƙaranci: oksijin ya shiga jini, kabon dayoksaid ta fito. Ƙwayar jini ba ta cika daƙiƙa guda a wurin, amma ta gama lodi kafin ta wuce. Tantanin ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Idan akwai kabon monoksaid a ɗaki, ta wannan ƙofar za ta bi, da sauƙin da oksijin ke bi.

## Famfo biyu a ƙirji ɗaya

Zuciya ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna 4, biyu a dama biyu a hagu, kuma a aikace famfo biyu ce manne da juna. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya dawo daga jiki, wanda ya sauke oksijin ya yi duhu, ya tura shi huhu. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya dawo daga huhu jajawur, ya tunkuɗa shi cikin babbar jijiya zuwa kai da ciki da gaɓoɓi. Tafiyar hagu ta fi nisa, don haka tsokarsa ta fi kauri. Tsakanin ɗakunan akwai bawul-bawul masu hana jini komawa baya, kuma rufuwarsu ce ƙarar nan biyu da likita ke saurare idan ya ɗora abin awo a ƙirji.

Mutane sun daɗe ba su san haka ba. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin maganar Jalinus, wani likitan Girka na zamanin da, cewa jini na ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ɓoyayyun huji a bangon tsakiyar zuciya. Ibn al-Nafis, likitan da ya taso a Sham ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta cewa babu wani huji a bangon, dole jini ya zaga ta huhu ya haɗu da iska kafin ya isa hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna da gwaji da lissafi cewa jini ɗaya ne ke ta kewayawa, ba sabo ake ƙerawa kullum ba. A 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango ƙananan jijiyoyin da suka haɗa zuwa da dawowa, a huhun kwaɗo, ta madubin ƙara girma.

Abin da ya shafi maganarmu a nan lissafi ne mai sauƙi. Baligi na da jini kusan lita 5. Zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kusan sau 100,000 a yini, kuma ko yana kwance tana tura kusan lita 5 a kowane minti. Tun da babu wata hanya daga dama zuwa hagu sai ta huhu, ke nan kusan dukkan jinin mutum yana gaisawa da iskar ɗakin da yake ciki sau ɗaya a kowane minti. Barcin awa 6 zagaye 360 ne.

## Motar dako da fasinjan da ba ya sauka

Oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa. Wanda ke yawo a narke cikin ruwan jini bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran kashi 98 ɗaukarsa ake yi. Mai ɗaukar shi ne himogulobin, sinadarin da ya cika jajayen ƙwayoyin jini kuma ya ba jini launinsa. Ɓargo ke ƙera waɗannan ƙwayoyi, kowace ta yi kwana 120 tana aiki kafin a sauya ta. Kowane himogulobin na da kujeru 4, a tsakiyar kowace kujera akwai ƙwayar ƙarfe, a nan oksijin ke zama. Gwanintarsa ita ce riƙon da bai yi tsanani ba: ya kama a huhu, ya saki a inda ake bukata. Motar dako ce da ke lodi a tasha ta sauke a kasuwa ta dawo.

Kabon monoksaid kan zauna a wannan kujerar dai, amma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi sau 200 zuwa 250. Claude Bernard na Faransa ya gano haka tun a shekarun 1850, sannan John Scott Haldane na Birtaniya ya auna shi a shekarun 1890, har da shaƙar gubar da kansa yana rubuta abin da yake ji, domin ya gane abin da ke kashe masu haƙar kwal bayan fashewa a rami. Daga aikinsa aka fara shiga rami da ɓera ko kanari, don ƙaramar dabba kan faɗi tun mutum bai ji komai ba.

A dubi abin da wannan riƙo ke nufi. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska. Tun da kabon monoksaid ta fi shi ƙarfin riƙo fiye da sau 200, to idan ta kai kashi 1 kacal cikin 1,000 na iskar ɗaki, kuma aka ba ta lokaci, ta isa ta mamaye kusan rabin kujerun da ke cikin jini. Ɗakin bai rasa oksijin ba. Ashana za ta kama a cikinsa, fitila za ta ci. Motar ce ta cika da fasinjan da ba ya sauka, kowane zagaye kuma sai wasu su ƙaru.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Idan gubar ta zauna a kujera ɗaya ko biyu, sauran kujerun sai su ƙanƙame oksijin ɗin da suka ɗauko, su ƙi sakinsa a wurin bukata. Don haka wanda gubar ta kama rabin jininsa ya fi mai ƙarancin jinin da ya rasa rabin nasa shiga haɗari nesa ba kusa ba: mai ƙarancin jini motocinsa kaɗan ne amma suna sauke kaya, yana iya yawonsa, wannan kuwa yana bakin mutuwa. Bayan haka gubar na kutsawa cikin tsokar zuciya da cikin ƙwayoyin halitta kansu ta dagula yadda suke amfani da ɗan abin da ya iso.

Gaɓoɓi biyu ne ke fara jin jiki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin ɗinsa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Minti 4 zuwa 6 babu shi sun isa ta fara lalacewa. Zuciya kuma, ko a zaune, tana tatse kusan kashi 70 na oksijin ɗin jinin da ke ciyar da ita, alhali jiki gaba ɗaya kusan rubu'i yake ɗiba. Ba ta da rara. Ga shi kuma a daidai lokacin ne jiki ke umartar ta da ta ƙara gudu don ta cike giɓi.

## Dalilin da ya sa ba a farkawa

Wanda ya riƙe numfashinsa ya san wannan matsi da ke taso masa a ƙirji har ya kasa jurewa. Yawancin mutane sun ɗauka rashin oksijin ne ke jawo shi. Taruwar kabon dayoksaid ce. A gindin ƙwaƙwalwa akwai cibiyar da ke tafiyar da numfashi ko mutum na barci, kuma babban abin da take aunawa shi ne yawan kabon dayoksaid a jini. Da ta ɗan hau, sai cibiyar ta buga ƙararrawa. Wannan ne ke zaburar da wanda aka toshe wa hanci.

Akwai masu gadi na biyu a jijiyoyin wuya, su kam oksijin suke dubawa. Sai dai ba sa leƙa cikin motar. Ɗan wanda ke narke a ruwan jini suke aunawa, wancan da bai kai kashi 2 ba. A ɗakin da janareta ke aiki numfashi na tafiya daidai, kabon dayoksaid na fita daidai, narkakken oksijin yana nan yadda yake. Duk masu gadin suna ba da rahoton lafiya, alhali ƙwaƙwalwa na fama da yunwa. Mai barci sai ya zarce daga barci zuwa suma babu abin da ya tashe shi.

Wanda ke farke ma ba lallai ya tsira ba, domin abin da gubar ke fara taɓawa shi ne hankalin da zai gane akwai matsala. Idan ta kama kashi 10 zuwa 20 na himogulobin sai ciwon kai da kasala. A kashi 30 zuwa 40 sai jiri da amai da ruɗewa, ƙafafu su saki. Daga kashi 50 sai suma da jijjiga, mutuwa ta matso. Waɗannan alƙaluma kwatance ne, mutum ya bambanta da mutum, amma jerin haka yake. Shi ya sa akan tarar da wani a bakin ƙofa: ya ji abin, ya yunƙura, jiki ya ƙi.

## Abin da ake ɗauka zazzaɓi ne

Ba kowace shaƙa ke kaiwa ga mutuwa ba. Mai shagon aski ko ɗinki ko cajin waya da janareta ke ruri a bakin ƙofarsa yini guda, mai gasa nama a rufaffen wuri, mai zaman shisha da gawayinta, duk suna iya kwasar kaɗan-kaɗan. Ciwon kai, tashin zuciya, mutuwar jiki: a ƙasar Hausa duk wanda ya ji haka maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot zai nema. Abubuwa uku ke bambance su. Jiki ba ya zafi. Mutanen ɗaki ɗaya sukan kamu a lokaci guda, wani lokaci har da kaji ko kyanwa. Kuma ciwon kan lafa idan an fita waje, ya dawo idan an koma ciki.

A asibiti ma akwai tarko. Na'urar da ake maƙala wa yatsa, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970 kuma ta shiga gidaje lokacin korona, launin jini take karantawa ta hanyar haske. Himogulobin da ya ɗauki kabon monoksaid jajawur yake kamar wanda ya ɗauki oksijin, don haka na'urar kan nuna 97 ko 98 ga mutumin da ke cikin haɗari. Dama tana da wani rauni da ya shafe mu: binciken da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin masu baƙar fata. Gwajin jini na musamman ne ke nuna gubar, ba kuma kowane asibiti ke da shi ba. Abin da ya fi taimakon likita shi ne wanda ya kawo mara lafiya ya faɗi da bakinsa cewa akwai janareta ko garwashi a inda aka same shi.

Haɗarin bai zo daidai ga kowa ba. Yara sun fi manya saurin numfashi, sun fi saurin kwasa. Ɗan tayi ya fi uwarsa shiga uku, domin gubar ta fi daɗewa a jininsa. Uwa na iya farfaɗowa cikin ya lalace. Mai ciwon zuciya da tsoho ba su da rarar da za su jure. Haka mai ƙarancin jini da mai sikila, wanda jajayen ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi maimakon 120, a Najeriya, ƙasar da ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a kowace shekara. Ɗakin mai jego da ake rufewa ruf a ajiye kaskon wuta don kada sanyi ya shige ta ya tara biyu daga cikin waɗannan, ita da jaririnta.

## Inda ake saɓani

Kan maganin farko babu jayayya: oksijin tsantsa ta takunkumin fuska. A iskar waje jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar. Da oksijin tsantsa lokacin kan sauko zuwa kusan awa ɗaya da 'yan mintuna, domin yawan oksijin na ture ta daga kujera. Saɓanin likitoci yana kan ɗakin matsin iska, inda ake ba da oksijin da ƙarfin da ya ninka na sarari, rabin gubar ya fita cikin kusan rabin awa. Masu goyon baya na kafa hujja da gwajin da aka wallafa a Amurka a 2002, wanda ya nuna raguwar matsalar ƙwaƙwalwa daga baya. Masu shakka na nuna gwajin Ostireliya na 1999 da bai ga amfani ba, suna ƙarawa da haɗarin ɗaukar mara lafiya tafiya mai nisa. A ƙasashenmu irin wannan ɗaki ba kasafai ake samunsa ba, don haka tambayar da ta fi matsa mana ita ce ko asibitin kusa na da tukunyar oksijin cike.

Matsalar ta daga baya gaskiya ce. Wasu da suka farfaɗo sarai kan fara mantuwa ko canjin hali ko rawar jiki bayan kwanaki ko makonni. Dangi kan danganta hakan da iska ko firgita, alhali tabon gubar ne a ƙwaƙwalwa, kuma abin komawa asibiti ne.

Saɓani na biyu na hukuma ne. Wani ɓangare na ganin a hana na'urar. A 2015 hukumar kwastam ta Najeriya ta sanar da hana shigo da ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, saboda hayaƙinsa. A 2020 Sanata Bima Muhammad Enagi na Neja ta Kudu ya gabatar da ƙudirin hana shigo da janareta da sayar da shi, da ɗaurin shekara 10, in ban da wurare irin asibitoci da filayen jirgi. Hujjarsu ita ce lafiyar jama'a, da cewa muddin kowa na da nasa injin babu mai matsa wa gwamnati ta gyara wuta. Ƙudirin bai zama doka ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa ba a hana mutum fitila a bar shi cikin duhu. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu lantarki bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir. Nijar, wadda a lokacin take samun mafi yawan wutarta daga Najeriya, ta shiga irin wannan hali da aka katse mata layi a Agustan 2023. Ga masu wannan ra'ayi hani zai ƙara tsada da fasa-ƙwauri ne kawai. Abin yi shi ne a gyara na'urar da yadda ake amfani da ita. Suna misali da Amurka, inda tun 2007 doka ta wajabta manna gargaɗi a jikin kowane ƙaramin janareta, daga 2018 kuma masana'antu suka fara bin ƙa'idar sa masa abin da ke kashe injin da kansa idan gubar ta taru. Raunin wannan hanya shi ne kuɗi: mai sayen injin mafi araha a kasuwa ba shi ne zai biya ƙarin ba sai an tilasta wa masu shigowa da shi. Sola da batir sun kawar da matsalar gaba ɗaya ga wanda ya iya saye, kuma su ne ba kowa ba.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika taɓawa ba, wato dalilin da ke sa injin ya shigo cikin gida tun farko. Tsoron ɓarawo ne, da ruwan sama, da ƙorafin maƙwabci kan ƙara, da gidan haya da ba shi da fili. Gawayi kuma tsadar gas da sanyin hunturu ne ke shigo da shi. Mutanen da ke yin haka suna guje wa asarar da suke gani ne, su faɗa wa wadda ba ta ganuwa.

## A cikin gida

Hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyakar mita 6 tsakanin janareta da kowace ƙofa ko taga, salansa na kallon waje, kuma sun ƙiyasta cewa ƙaramin janareta guda na iya fitar da gubar da ta kai ta ɗaruruwan motocin zamani. Soro, kicin, baranda mai rufi, ƙarƙashin matakalar bene, lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, duk cikin gida ne a wannan lissafi. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa, fankar ma na iya janyo hayaƙin ciki. Gubar na gauraya da iska ko'ina a ɗaki, don haka kwanciya a ƙasa ko a gado duk ɗaya ne. Mota da aka bari a kunne cikin rufaffen gareji don a sha sanyin na'ura ita ma haka take. Wanda ke tsoron sata, kejin ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe da sarƙa a tsakar gida sun fi jawo injin soro. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru, ana rataye ta kusa da wurin kwana.

Garwashi kuwa a ɗumama ɗaki da shi ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na hana barin wuta a gida lokacin barci an fi fassara shi da gobara, amma ya hau kan wannan ma daidai.

Idan aka tarar da mutane a sume, mai shiga ya buɗe ƙofa da tagogi, ya kashe injin, ya jawo su waje da sauri, kada ya tsaya a ciki yana jijjiga su, domin iskar da ta kayar da su tana nan. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya suma ba sa kaiwa inda gubar take, tun da ta huhu ta shiga ba ta ciki ba, kuma mai suma na iya ƙwarewa abin ya gangara huhunsa. Wanda ke numfashi a kwantar da shi ta gefe. Wanda ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, har a samu taimako. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce. A kai kowa da ke ɗakin asibiti, har da wanda ya miƙe ya ce ya warware, musamman mai juna biyu, kuma tun a bakin ƙofa a nemi a sa musu oksijin ko da na'urar yatsa ta nuna 98.